Abatcha Mai Turi, Wanda Bai Taɓa Goge Fuskar Kowa Ba

Kafin motocin tattasai su fara huci a bakin kasuwar Diffa, Abatcha ya riga ya iso rumfarsa. Shekara goma sha bakwai ke nan bai sauya ba. Ya fito masallaci bayan asuba, ya bi ta bayan masu kifi, ya buɗe kwaɗo, ya hau benci ya share farantin sola da tsumma mai laima. Ya sauko ya jera igiyoyin caji a kan katako kamar mai shanya kifi. Daga nan sai ya durƙusa gaban wata randa da ke kusurwa.

Randar nan babu ruwa a cikinta. A kan yashin da ta zauna yake zuba ruwan, don cikinta ya yi sanyi. Abin da ke ciki ƴan akwatuna ne huɗu baƙaƙe, kowanne bai wuce tafin hannu ba, naɗe a tsohon rawani. Su ne diski, ma'ajiyar da kwamfuta ke zuba kayanta. Sai ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya ya ji ba su yi zafi ba, kamar uwa mai taɓa goshin ɗanta, sannan ya yarda ya karɓi shayi.

Abatcha mai turi ne. Ka kawo waya ya yi maka caji, ka kawo katin waya ya tura maka wa'azi ko waƙa ko fim. Sana'a ce da ba a kiran mai ita a rediyo, ba a ba shi kujera a taro. Amma ku tsaya ku ji abin da bawan Allahn nan ya yi da ita.

A shekarun da ya fara, katin waya ɗan ƙarami ne, nan da nan ya cika. Mutum ya taso daga ƙauyen bakin kogin Komadugu, katinsa cike da hotunan suna da biki da gona da sabon rago, ya miƙo ya ce, “Goge komai ka zuba mini sabo.” Sauran masu turi sukan goge, ai umarnin mai kaya ne. Abatcha kuwa, ranar farko da aka ce masa haka, ya ga hoton wani jariri a kan cinyar kakansa, sai yatsansa ya tsaya a sama ya ƙi sauka.

“Ba wayo ba ne,” in ji shi. “Hannuna ne ya ƙi.”

Tun daga ranar, kafin ya goge kati sai ya kwafe hotunan ya ajiye. Ya ce wa mai katin, “Na ajiye maka. In ka so su wata rana, ka dawo.” Yawanci dariya suke yi su tafi. Mutanen ranar kasuwa ba su da lokacin faɗin suna, shi ya sa yake raɗa wa kowace ajiya sunan da ya ga dama: Mai Jar Hula Na Geskeru, Tsohon Da Ya Zage Ni, Mai Raƙumi Gurgu. Dokokinsa kuma biyu ne. Babu wanda zai ga ajiyar wani sai da yardar mai ita. In kuwa katin na mace ne, ko mijinta ne ya kawo, Abatcha yakan juya fuskar kwamfutar ta kalli bango, ya yi kwafin da yatsun da suka san hanya, ya rufe. Rabin abin da yake tsaro ke nan bai taɓa gani ba.

Wanda ya fi kowa shaida wannan shi ne Hamman mai shayi, maƙwabcin rumfarsa, Bafulatani, wanda ba ya bari rana ta faɗi bai tsokani Abatcha Babarbare ba. Hamman ya ce akwai ranar da wani saurayi mai sabuwar shadda ya zo yana raɗa, yana son a tura masa hotunan wata yarinya da ta kawo kati jiya. Abatcha bai ɗaga murya ba. Ya zare wayar saurayin daga caji, ya damƙa masa a hannu, ya riƙe hannun na ɗan lokaci, ya ce, “Ɗana, ka gaida mahaifiyarka.” Saurayin bai sake bin layin ba.

“Ni da nake zaginsa kullum,” in ji Hamman, “ranar sai da na ƙara masa madara.”

Sai shekarar gudu ta zo. Ba sai an faɗa wa mutumin Diffa wace shekara ce ba. Ƙauyukan bakin kogi suka watse saboda hare-haren ƴan bindiga, mutane suka shigo gari da tabarma da yara da abin da ke jikinsu. Wayoyi sun faɗa ruwa, wasu sun ƙone, wasu an bar su a rataye jikin bango. Sannu a hankali wasu suka tuna da mai turin da ya ce su dawo. Wani ya samu hoton takardar haihuwar ɗansa, yaron ya shiga lakkal, wato makarantar boko. Wata ta samu mahaifiyarta tana tankaɗe, tana harara don an ɗauke ta ba shiri. Kai ne, Abatcha, wanda mutum zai zo wurinsa ba shi da gida, ya tashi da hoton ƙofar gidan a aljihu.

Amma neman yana da wuya. Ajiya ta haura dubu tara, hotuna sun kusa dubu ɗari uku. Wani sai an kwana huɗu ana nema, wani kuwa a nema a rasa. Ana cikin haka, damina ta bara, likita ya duba idanunsa ya gaya masa gaskiya: hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, saura kuma yana bin sa. A watan kuma ɗaya daga cikin diskin ya fara wani ƙas-ƙas kamar ƙadangare a jinka. Abatcha ya yanke cewa bayan babbar Salla zai rufe rumfa. Abin da ya hana shi sukuni ba rufewar ba ce. Shi kaɗai ya san wane ne Tsohon Da Ya Zage Ni.

Yasmin, ɗiyar ƙanwarsa da ke aiki a buron wata ONG, wato ofishin ƙungiyar agaji, ita ta zo da shawara. Ta ce akwai mataimaki na AI, wanda ake yi wa magana ya amsa, yana iya duba hotuna ya jera su.

“Duba?” in ji Abatcha. “Wa ya ba shi izini?”

“Kawu, ba mutum ba ne.”

“To ina zai kai abin da ya gani?”

Sai da ta nemo wanda ke aiki a cikin kwamfutar kanta, ta zare intanet a gabansa, ta nuna masa hoto ko ɗaya ba ya fita daga rumfar, sannan ya sassauta. Duk da haka ya zaunar da abin kamar sabon ma'aikaci, ya karanta masa dokokin nan biyu, ya sa shi ya maimaita. Muryar ta maimaita da tsabtatacciyar Hausa irin ta masu labarai.

Hamman ya leƙo da butar shayi. “Kai, Babarbare, wannan ya fi ka Hausa! Shekara sittin kana markaɗa ta, ga baƙon jiya ya wuce ka.”

“Kai ma ya wuce ka, ɗan nagge. Kuma shi ba ya cika wa mutane sukari.”

Suka raɗa masa suna Sakatare.

A mako guda Sakatare ya yi abin da Abatcha ba zai gama a shekara ba. Ya ware hotunan da aka maimaita, ya raba takardu da fuskoki, ya kwashe kayan diskin nan mai ƙas-ƙas kafin ya mutu. Sai ya ci karo da bango. Wata safiya ya ce, “Malam Abatcha, hotuna fiye da dubu ɗari suna nuna rana ɗaya aka ɗauke su, ɗaya ga Janairu. Ina zaton ba haka ba ne.”

Hamman ya kusa zubar da shayi. “Ashe ranar nan duk Diffa aure aka yi da suna, ba a gayyace ni ba!”

Abatcha ya san dalili. Mutanen ƙauye batir suke cirowa su aiko caji, wayar ta kwana a mace, agogonta ya koma farko, ba wanda ya damu ya gyara. Sai ya gyara zama ya fara koyar da Sakatare kalandar Komadugu.

“Bar kallon lamba, kalli kogi. In ka ga ruwa ya cika har yana lasar gindin goruba, tattasai kore a gona, bayan damina ne. In ka ga ƙasa ta yi jawur, an shanya shi, mutane da rigar sanyi, lokacin ciniki ne. In kogin ya koma yashi yara suna ƙwallo a cikinsa, bazara ce. In ka ga ruwa a inda gida ya kamata ya kasance, shekarar babban ruwa ce.”

Yasmin ta ƙara masa da atamfofin Salla, wadda aka yi yayi bana da wadda aka yi bara. Inda Sakatare bai tabbata ba sai ya ce bai tabbata ba, ya tambaya. Wannan ne ya sa Abatcha ya fara ganin girmansa. Haka suka yini kullum, tsoho mai dusasshen ido yana ba da labari, na'ura tana jerawa, shekaru suna komawa mazauninsu.

Saura mako uku Salla sai ga Falmata.

Mace ce da ba ta kai talatin da biyar ba, tana sayar da garin tattasai a ƙofar kasuwa. Ta zo da ɗiyarta Nabila, ƴar shekara goma, siririya mai wushirya. Ta yi sallama, ta tsuguna nesa kaɗan, ta daɗe tana gaisuwa kafin ta kai ga magana.

“Baba, an ce kana rufewa.”

“Haka Allah ya so, Ya Falmata.”

“Akwai kati da aka taɓa kawo maka. Nawa ne. Shi ya kawo.”

“Shi wa?”

Ta sunkuyar da kai. Shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa, har yanzu bakinta ba ya kama sunan. Yarinyar ce ta amsa, da ƙarfi, kamar mai karatu a aji: “Kashim. Babana.”

Labarin gajere ne. Ƙauyensu yana gabas da Geskeru. Auren bai cika shekara biyu ba aka yi gudu, tana da ciki wata shida. Ya kawo ta tudu, ya ce zai koma ya ɗauko injin ban-ruwa, don da shi za su sake farawa. Bai dawo ba. Wayarta kuwa ta faɗa kogi ranar ƙetarawa.

“Kowa sai ya ce mata kin biyo babanki,” in ji Falmata. “Ta tambaye ni yaya yake, in ce dogo ne, baƙi, mai fara'a. Ta ce ai haka kowa yake.” Da ta sake magana muryar ta yi ƙasa har sai da Abatcha ya matso. “Baba, abin da ban faɗa wa kowa ba, ni ma fuskar ta fara ɓace mini. In na rufe ido ina ganin hularsa, ina jin muryarsa. Tsakiyar babu.”

Abatcha, wanda shi ma fuskokin duniya ke ɓace masa kullum kaɗan-kaɗan, bai ce mata ta yi haƙuri ba. Ya ce, “Hamman, ɗauki bencinka ka koma can.”

Ajiya mai suna Mai Injin Ban-ruwa, Katin Amaryarsa ta kai guda arba'in da ɗaya. Sakatare ya tambayi Falmata abin da take tunawa a ɗakinta. Ta ce ƙofar langa-langa shuɗiya, jeren kwalla masu fure, da wata farar akuya mai baƙin kunne da ba ta barin ƙofar. Ba a daɗe ba ya ce, “Akwai ajiya guda da ke da duka ukun. Hotuna sittin da uku.”

Abatcha ya juya mata kwamfutar, shi kuma ya juya kujerarsa ya fuskanci randa.

Da baya ya saurari komai. Ya ji ta ja numfashi. Ya ji ta ce, “Ga Kande ƙawata, Allah ya jiƙanta. Ga ɗakina. Nabila, ga akuyar da nake ba ki labari.” Ya ji yarinyar na cewa, “Ina Baba? Wuce, Inna, wuce.” Sai ya ji Falmata ta ce, “Ga shi,” sai kuma, “A'a, wuce.” Haka har sau tara. Daga nan sai wani sauti da ya kasa gane ko dariya ce ko kuka, don duka biyun ne.

“Lafiya, Ya Falmata?”

“Baba, duk bayansa ne.”

“Bayansa?”

“Yana fita gona, bayansa. Yana alwala, bayansa. Yana gyaran inji, ƙeyarsa da hannunsa.” Ta share ido da bakin mayafi. “Amarya ce ni. Ina zan iya ɗaga waya a gaban idonsa? Sai ya juya nake ɗauka, in ɓoye. Kunya ce, Baba. Na ɗauka muna da lokaci.”

Nabila ta zuba wa bayan mutumin ido, kamar in ta daɗe tana kallo zai waiwayo.

Da wani ne, da ya ce an yi iya ƙoƙari, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Abatcha ya zauna yana murza carbi, bayansa na wajensu har yanzu. Can ya ce, “Wane lokaci ya kawo katin?”

“Da sanyi. Ya zo sayar da tattasai.”

“Ya Falmata, kin yarda Sakatare ya faɗa mini abin da ke jikin mutumin nan? Shi kaɗai, ban da kowa a hoton.”

Ta yarda. Sakatare ya ce hular zanna ce mai ruwan toka da zare ja, agogo a hannun dama, injin kuma an ɗaure hannunsa da koriyar roba, an shafa masa farin fenti a murfi.

Abatcha ya buga cinya. Abin da ya tuna ba ya cikin kowace na'ura. Dillalan tattasai na wancan lokacin, in sun sayi kaya a bakin gona, sukan tsayar da manomi kusa da buhunansa su ɗauke shi hoto, don su nuna wa uban gidansu na ƙetaren kogi daga hannun wa kayan suka fito. A irin wannan hoton ba a juya baya. Dillalan kuwa duk wurinsa suke goge kati.

“Sakatare, bar ajiyar mata. Shiga ta masu buhu. Shekarar da ta gabaci gudu, lokacin ja, na shanyar tattasai. Nemo hular nan da injin nan. In ka samu kada ka nuna, faɗa mini kawai.”

Sai bayan la'asar amsa ta zo. “Akwai hoto ɗaya. Hular ta yi daidai, agogon na dama, gefen injin ya fito da koriyar roba. Mutumin yana fuskantar mai ɗauka. Ba zan iya tabbatar da cewa shi ne ba, ita kaɗai za ta sani. Sunan ajiyar Mai Buhu Mai Tari.”

Falmata ta miƙe tsaye. Nabila ta riga ta kai hannu.

“Ku dakata,” in ji Abatcha.

Hamman, wanda kunnensa bai taɓa komawa can ɗin da aka aike shi ba, ya taso. “Dakata me? Ga uban yarinya a cikin akwati! Kai wane irin taurin kai ne da kai?”

“Ajiyar wani ce.”

“Wanin da ya manta da ita shekara goma sha ɗaya!”

“Shi ya manta. Ni ban manta abin da na ce masa ba.” Ya juyo wajen Falmata, yana neman fuskarta da idon da ya rage. “In na buɗe tasa don ke yau, gobe wani zai zo da hawaye in buɗe taki. Ki ba ni kwana uku.”

Ba ta ji daɗi ba, kuma ba ta ɓoye ba. Ta kama hannun ɗiyarta suka fita ba sallama. Hamman ya yini bai kawo shayi ba.

Abatcha ya tuna mai tarin. Grema ne sunansa, ya bar harkar tattasai tun gudu, an ce yana sayar da dabino a Maine-Soroa. Ranar kasuwar Maine ya rufe rumfa, karon farko da ya rufe ta a ranar aiki ba don rasuwa ba. Yana tsaye a tasha yana ƙoƙarin karanta rubutun motoci sai ya ji an kama gwiwar hannunsa.

“Taho nan, makaho, kada ka hau ta Damagaram,” in ji Hamman. “Ba don kai na zo ba. Ƴan uwana zan gani.”

Layin masu dabino suka bi. Ba su sha wuya ba, tarin ne ya kai su. Grema ya tsufa, ya saurari labarin bakinsa buɗe.

“Tun daga Diffa? Don hoton buhu?” Ya yi tari. “Malam, ai da ka nuna mata kawai!”

“Naka ne.”

“Wallahi ban tuna shi ba. Manoma nawa na tsayar? Ni buhu nake kallo, ba mutum ba.” Ya sake tari, ya sa hannu ya cika leda da dabino. “Na yarda. Duk wanda ke cikin ajiyar nan, in nasa sun zo, ka ba su. Wannan kuma na yarinyar ne.”

Washegari da hantsi Falmata ta dawo. Ta sa atamfarta ta Salla tun ba a yi Sallar ba, ta sa wa Nabila kwalli. Abatcha ya ce, “Sakatare, buɗe.”

Buhu shida ne jere, jawur, kogi cike a bayansu. A gefe wani saurayi dogo ya dafa buhun ƙarshe da hannun agogo, hularsa a karkace, yana dariya kamar an faɗa masa wani abu daidai lokacin da aka danna.

Falmata ta zuba masa ido. Wannan ne karon farko da ta kalle shi ido da ido ba ta sunkuyar da kai ba.

“Shi ne,” ta ce. “Shi ne, wallahi. Haka yake karkata ta.”

Nabila ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. A hankali ta ɗaga yatsa ta taɓa tsakanin haƙoranta na gaba. Sai ta waiwayo ta ga tsohon na zaune ya fuskanci randa, don sabo.

“Baba, juyo mana. Wannan namiji ne, kuma an ba da izini. Zo ka ga babana.”

Ya juyo. Ya matso, ya cire tabarau, ya mayar. Abin da ya gani ja ne, da wani dogon duhu a gefe.

“Idon ya gaji, ɗiyata. Ke faɗa mini.”

Ta gyara tsayuwa. “Yana da wushirya irin tawa. Kunnensa ya ɗan fito. Girarsa ta haɗe a tsakiya. Akwai zane a kumatunsa, dogaye. Idonsa in yana dariya ƙanƙancewa yake.” Ta sake dubawa. “Baba, ba haka kowa yake ba.”

Hamman ya fita da sauri, wai shayinsa zai ƙone.

An yi Salla, amma rumfar ba ta rufe duka ba. Cajin ya tsaya, turin ya tsaya, katakon igiyoyi ya koma hannun wani. Randar dai tana nan. Yasmin ta sake kwafe komai a sabon diski, Sakatare ya gama jeri, kowace ajiya da shekararta da lokacinta na kogi. Kullum da safe Abatcha yana zuwa, Hamman ke riƙo hannunsa yana mita, ya zuba ruwa a yashi, ya zauna yana jira.

Abatcha, ba ka gina asibiti ba, ba ka haƙa rijiya ba, sunanka ba ya jikin kowane allo. Kai ne dai wanda aka ce wa goge, ka ajiye. Kai ne ka tsare mutuncin matan kwarin nan da juya kujera. Na'ura ta fi ka sauri, ta fi ka ido, amma ba ta san lokacin ja ba sai da ka koya mata, kuma ba ita ta hau mota zuwa Maine neman izinin hoton buhu ba. Mun gode, mai tsaron fuskokin Komadugu. Allah ya haskaka maka abin da ya rage, ya nuna maka fuskokin da ka kawar da kai daga gare su a inda babu sauran kunya.

Ku kuma masu riƙe da kayan mutane, mai gyaran waya da mai buga takarda da duk wanda ake miƙa wa kati a juya baya, ku yi koyi da shi. Matan aure, ku ɗaga wayar yana kallonku, ko sau ɗaya. Wanda kuma ya san ya taɓa cewa a goge masa kati a bakin kasuwar Diffa, ya zo tun tsohon yana iya gane murya. Tsohon Da Ya Zage Ni, in kana raye, hoton jikanka yana nan, kuma an yafe maka.